Naman da Na Mayar Wuta

Shara Mansur, Makka
9 ga Rajab

Zuwa ga baiwata Hure, 'yar Goggo Delu, a Magariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk mai sa hannu a akushin gidanki. Yaya ƙafar da kika ce ta hana ki zuwa kasuwa? Allah ya sawwaƙe, ko da yake tun kina ƙarama ƙafarki ba ta ciwo sai in aike ne, in gidan biki ne kuwa ke ce a gaba. Ni alhamdu lillahi, sai gwiwa, sai idon hagu da farar yana ta fara rufewa. Kamar kullum Isa Tela maƙwabcina ne ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, tun da ke aka sa lakwal kika yi boko, ni aka ba ni wuƙa. Hajiya Asiya da ta zo umara ce za ta taho miki da takardar.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na aiko ba. Ɗanki Marwan ne, ɗana na cikina, ya yi mini abin da ba wanda zai gane zafinsa a garin nan, sai ke da kika tashi gidan fawa.

Kin san yana Jidda yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yakan leƙo ni duk bayan sati biyu. Yau Juma'a uku ke nan ya zo da sabuwar farar riga, muka yi salla tare a Harami. Da muka fito ya ce, "Abuya, yau ni zan ciyar da kai." Haka yake kirana, da bakin Larabawa. Hausarsa kuwa sai kin zauna kin tsince ta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na ɗauka gidan mandi za mu, shinkafa da naman nan ta Larabawa, sai ya tare tasi muka nufi Aziziyya.

Hure, shekarata hamsin da biyu a garin nan. Na ci abincin Turkawa, na ci na Indiyawa, na ci shinkafar Buhari, amma ban taɓa shiga gidan abincin da ba a dafa abinci a cikinsa ba sai ranar. Na mutanen Tailan ne, musulmi, irin waɗanda muke ce wa Fatani. Kowane tebur an huda tsakiyarsa an dasa murhun gas. A kan murhun an kifa wani ƙarfe mai tudu kamar tozon sa, gefensa kuma kwarmi ne zagaye, a ciki ake zuba romo. Sai a ɗora guntun kitse a ƙoƙon tozon ya riƙa narkewa yana gangarowa. Naman ɗanye ne, yana jere cikin firji jikin bango, kai za ka tashi da faranti ka ɗebo. An yanyanka shi falle-falle, har kana hango yatsanka ta bayansa. Ga kaza, ga jatan lande, ga wani farin abin teku mai hannuwa da yawa wanda ban tambayi sunansa ba don ba ni da niyyar mu saba. Ga kabeji, ga naman kaza, ga wata taliya fara siririya kamar zaren keken Isa. Ka shimfiɗa nama a tozo ka gasa, ganye da taliya ka jefa a romo, ruwan naman yana tsiyaya ciki. Suka kuma ajiye mini tsinke biyu gefen faranti, ko tsoka babu a jikinsu. Na tambayi ma'aikacin ko wani ne ya riga ni cinye tsiren. Marwan ya ce da su ake ɗaukar abinci, ya sa aka kawo mini cokali.

Na ce masa ina mai gashin gidan, in gaishe shi? Ya ce babu, kowa shi ke gasa nasa. Na ɗaga kai na duba. Ga Larabawa da iyalansu, ga Jawa mutanen Indunusiya, kowa da ɗan awartaki a hannu yana juya nama yana dariya, wannan ya ƙona, wancan ya ci da jini. Ke kin san kakanmu Sarkin Fawa Jatau ya taɓa korar ƙanensa daga tukuba wata guda don ya bar baƙo ya juya tsinkensa da kansa. Baƙo a gidanmu ya taɓa wuta? Ni na yi shekara arba'in ina gashi a Shara Mansur, har Larabawa suka koyi sunan tsire suna ce masa sire, kafin a faɗaɗa hanya a tafi da tukubata. Yaron nan tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya ce ba zai tsaya a wuta ba, wai 'yan makaranta suna ce masa yana warin hayaƙi. Yau shi ne ya kawo ni inda za a nuna mini cewa abin da na ƙarar da raina a kansa wasan yara ne, kowa ma ya iya.

Ya ɗauki falle ɗaya na naman sa ya gasa ya miƙo mini. Na duba na ce bai gasu ba. Na karɓe awartakin daga hannunsa na mayar da naman wuta, na ce wanda ya guje wa hayaƙi shekara ashirin ba zai koye shi ranar Juma'a ɗaya ba. Na naɗe hannun riga na gasa duk abin da ke teburin. Kin san ba na fita ba ƙullin yaji a aljihu. Ƙamshi na tashi sai wani tsohon Balarabe a teburin kusa ya miƙe yana cewa, "Wallahi Ammu Maman ne, mai sire!" Ashe tun yana saurayi yake saye a wurina. Ya turo farantinsu, na gasa musu. Mai gidan abincin da kansa ya fito ya ɗanɗani yajina yana ta gyaɗa kai. Isa ya ce in rage wannan wurin wai ya yi kama da yabon kai, na ce ya rubuta, abin da ya faru ne.

Shi kuwa gogan naki yana zaune yana tsamo taliya daga romo. Can da mutane suka koma mazauninsu ya fara wata magana da Larabci, wai akwai abin da yake so ya faɗa mini. Na ce in da Hausa ne ina ji, in ba haka ba ya riƙe abinsa. Sai ya ce, "Halas, Abuya," wato shi ke nan. Ya maido ni gida kafin la'asar, ya sumbaci kaina a bakin ƙofa, ya tafi.

Tun ranar bai sake takowa ba. Sau biyu ya kira wayar Isa wai a ba ni. Na ce ba na magana da ɗan da na haifa ta cikin ƙarfe, ƙafar da ta san hanyar Aziziyya ta san ta Mansur. Fushi yake, kuma ni ban taɓa ganin inda uba ya bi ɗa da ban haƙuri ba. Ki taya ni roƙon Allah ya shirye shi.

Ki gaida Malam Hudaifa liman in yana nan da rai.

Ubangidanki,
Maman Mai Tsire

*

Magariya
20 ga Sha'aban

Zuwa ga ɗan Kawuna Maman, wanda yake kiran kansa ubangidana bai taɓa aiko mini ko da ɗankwali ba.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, Malam Hudaifa yana nan yana amsawa. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa da ido.

Takardarka ta yi fiye da wata a jakar Hajiya Asiya a Damagaram, 'yan sannu da zuwa sun hana ta sakat, sai ranar Talata ta iso. Ka gyara zama kafin Isa ya ci gaba. A zaure na karanta ta, kuma wanda kake kai ƙara yana zaune kusa da ƙafata yana gyara mini fanka. Marwan yana gidana, yau sati shida. Ranar da kake zaune kana faɗa wa Isa cewa fushi yake yi a Jidda, yana cikin mota tsakanin Yamai da Damagaram.

Ga abin da ya gaya mini. Mai shagon da yake wa aiki ya sallame shi, don ba zai iya ci gaba da riƙe wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba. Ya nemi wani wurin, ko'ina takarda ake tambaya. Ya ce ya gaji da sauya hanya in ya hango motar jami'ai, yana ɗan shekara talatin da huɗu, ba aure, ba abin da zai kira nasa. Ya je ofishin jakadancin ƙasarmu ya karɓi takardar tafiya, ya miƙa kansa, aka ɗauki hoton yatsunsa aka ba shi fita. Wanda ya fita ta wannan ƙofar ba ya komawa sai bayan shekaru masu yawa, kai ka fi ni sani. Kiran nan biyu da ka ƙi amsawa, na farko daren... a'a, da safe ne ya ce, ranar da zai miƙa kansa. Na biyu daga filin jirgi.

Ya iso da jaka ɗaya da guntuwar takarda an rubuta sunana da "gidan Sarkin Fawa". Da kunnuwansa na gane shi, naka ne sak, Allah ya isar masa. Ya kama kaina ya sumbata a tsakar gida, matan unguwa suna ta ƙyalƙyala dariya. Yara suna kwaikwayon Hausarsa. Amma da na zaunar da shi zan gaya masa su wane ne danginsa, sai ya riga ni. Ya jero su tun daga Jatau har kan Goggo Delu, da wanda ya auri wa, da wanda rijiya ta ci, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce kai ka karantar da shi. Na ba shi ɗakin da kake kwana da. Yaro ya dawo gida, ba abin da zai rasa.

Yanzu ka saurare ni, Maman. Kai ne mai riƙe da tarihin gidanmu, kai ne ba ka manta abin da aka yi shekara saba'in da suka wuce. Ina da shekara tara ranar da za ka tafi, kuma ina laɓe bayan rumbu ina kallo. Ba ka buɗe baki ka ce wa Kawu za ka Makka ba. Tsinke ɗaya ka gasa ka kai masa. Ya karɓa ya cinye, ya share hannu a buzu, kashegari ka ɗauki sanda. Haka ake yi a gidan Jatau. Ɗa ba ya neman sallama da baki, gashi yake yi. In uba ya ci, ya sallame shi da albarka. In ya mayar wuta, bai yarda ba.

Marwan ya ce ka ba shi wannan labarin ya fi sau ɗari. Ya san Hausarsa ba za ta ɗauki maganar ba, sai ya ce bari ya yi ta yadda aka gada. Tukubarka babu ita, ɗakinka a bene yake, mai gida ya hana hura gawayi. Ya zaga Makka yana neman inda zai sami wuta ya zaunar da kai gabanta, bai samu ba sai gidan 'yan Tailan. Sau uku yana zuwa shi kaɗai kafin ranar, yana koyon hannun ƙarfen nan mai tozo. Kai kuma ka karɓe awartaki ka shiga yi wa Larabawa wasa.

Yana ganin ya taho ne kan ƙin yardar ubansa. Tun da ya zo bai sa gasasshen nama a baki ba. In muka bi ta rumfar mahauta, 'yan'uwansa na jini suna kiransa, sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ga lambar wayata a ƙasa. Ka sauka wurin Isa ka kira. Ƙarfen ba ya cizo.

'Yar Goggonka,
Hure

*

Shara Mansur, Makka
6 ga Shawwal

Zuwa ga Hure.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da salla, Allah ya karɓi ibada. Ina fata kuna lafiya. Ni na ɗan kwanta kwana tara a tsakiyar azumi. Isa yana cewa takardarki ce ta kwantar da ni, ƙarya yake, zafin gari ne. Na sa ya karanta mini ita sau uku don idonsa ba shi da kyau, ina tsoron ya tsallake layi.

Kin koya mini al'adar gidanmu, na gode, malama. To bari in cika miki abin da ba a hangowa daga bayan rumbu. Ranar da na gasa wa Baba, ni na kayar da ragon, ni na feɗe, ni na yanka tsokar cinya da wuƙar gidan. Na fere tsinke da hannuna, na hura gawayin ƙirya, na shafa ƙuli da yajin da Inna ta daka. Baba yana kan buzu, Baffa Sale da Baffa Ɗan'iya suna zaune shaida. Haka aka yi wa Baba a gaban Jatau, haka aka yi wa Jatau a gaban ubansa Maiwuƙa tun suna Daura. Ina aka taɓa neman sallama a kan gas? Gas wuta ce? Abin da ake murɗawa ya kama, a murɗa ya mutu? Naman da inji ya yanka, wanda ba a san sunan wanda ya feɗe shi ba, a gefe kuma ana dafa abin teku mai hannuwa? In yaro yana son a gane maganarsa, ya yi ta yadda ake yi. Ni ba boka ba ne.

Sannan kin ce wai ya dawo gida. Wane gida? A Jarwal aka haife shi, a can aka binne cibiyarsa. Uwarsa Asma'u tana kwance a maƙabartar Sharayi shekara shida ke nan, wa zai riƙa raka ni ziyara? Har kin ba shi ɗakina. Dama tun da kika ji ina da ɗa namiji kike aiko da maganar a turo shi ya ga dangi, yanzu buri ya cika. Ina jin har kin fara duba masa mata cikin jikokin ƙawayenki.

Ni da ƙafa na zo garin nan. Wata goma sha ɗaya, ta Fallomi, ta Abashe, na yi noman auduga a Sudan, na kwana arba'in a bakin teku ina jiran jirgin ruwa. Ban taɓa cewa na gaji da sauya hanya ba. Ba zan kira ba. Maganar da ke da nauyi a takarda ake sa ta, a riƙe ta a hannu, ba a hura ta cikin iska ba.

Damina ta kusa. Bai san sauron ƙasarmu ba, ki sa ya riƙa kwana cikin gidan sauro ko ya ce zafi. Kada ki ba shi ruwan rijiya sai an tafasa, cikinsa irin na uwarsa ne. Tuwon dawa zai yi masa nauyi, a fara masa da na shinkafa. In ya yi shiru ya daɗe yana murza babban yatsansa, to wani abu na damunsa, kada ki tambaye shi kai tsaye, ki ba shi wani abin da ya lalace ya gyara, zai faɗa da kansa. Kada ki ce ni na ce.

Maman

*

Magariya
14 ga Zulƙida

Zuwa ga Maman.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya yanzu. Na ce yanzu, don zazzaɓin sauro ya kayar da ɗanka kwana shida tun ruwan farko, har muka kwana gidan likita. Ya tashi, ya rame, amma yana cin abinci. Wannan takarda za ta biyo maniyyatan garinmu.

Ban ɗauke maka ɗa ba. Da na ce ya dawo gida, nufina ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa, ba wai na tone cibiyarsa daga Jarwal ba. Kuma ba zai daɗe a wurina ba ma. Ya sami aiki a wani masaukin baƙi a Damagaram, suna da na'urori da yawa ba mai gyara. Bayan Layya zai tafi.

Na karanta masa takardarka duka, har da inda ka ce kada in ce kai ka ce. Wurin da ka ce gas ba wuta ba ce ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Wannan Abuya ne." Da na zo kan gidan sauro da tuwon shinkafa sai ya tashi ya fita. Bai dawo ba sai bayan la'asar.

Da ya dawo ya ce in rubuta maka cewa ba ya neman ka ba shi haƙuri, kuma ya daina neman sallama, uba ya yanke hukunci ya karɓa. Na ce masa ragon Layyata fa, shi ne namijin gidan bana. Ya ce zai riƙe ƙafa, zai taya fiɗa, amma ba zai je kusa da wuta ba, wanda aka mayar wa nama ba ya gashi.

Abu ɗaya ya ce in tambaye ka, kuma ga shi yadda ya faɗa da tasa Hausar: "Goggo, ki tambayi Abuya, naman, da gaske bai gasu ba? In bai gasu ba, ya faɗa mini ina na yi kuskure, na juya da wuri ne ko wuta ce ta yi kaɗan. Ina so in sani kawai, bas."

Ka bar maganar gawayi da buzu da su Baffa Sale, duk sun mutu. Wannan kaɗai za ka amsa. Na san ka da taurin kai, na san ka da cika baki, amma ban taɓa jin an ce ka yi ƙarya a kan nama ba.

Hure

*

Shara Mansur, Makka
7 ga Zulhajji

Zuwa ga 'yar'uwata Hure.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi wa Marwan sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya saka miki da alherin jinya. Ni ina nan. Gari ya cika, gobe alhazai za su fita Mina, ba mai komawa gida sai bayan sati biyu. Isa ya ce in na yarda zai ɗauki hoton takardar da wayarsa ta iso miki yau. Na yarda, don ina so ta riga Layya. Ki kira shi ya zauna, ki karanta a hankali, inda bai gane ba ki maimaita.

Takardarki kwana goma ke nan tana ƙarƙashin matashina. Akwai abin da na cire a labarin da na ba ki na farko. Isa bai sani ba sai yanzu da yake rubutawa.

Ba daga kujerarsa ya miƙo mini naman ba. Tashi ya yi, ya zagayo teburin, ya durƙusa a ƙasa da sabuwar farar rigarsa, a tsakiyar mutane, ya riƙo farantin da hannu biyu ya sunkuyar da kai. Ba a koya wa ɗan Makka durƙuso, a bakina ya ji yadda na yi wa Baba. Na gane, Hure. Tun kafin ya tashi ma na gane. Na ga yadda ya zaɓi fallen, ya ajiye biyu ya ɗauki na uku. Na ga bai ɗora shi a ƙoƙon tozo inda wuta ta fi ƙarfi ba, ya sauko da shi kaɗan inda kitse ke gangarowa. Bai danna shi ba, bai tsokane shi ba. Ya jira har ruwa ya taso a bayansa, ya juya sau ɗaya tak. Baba ne kaɗai na sani mai juyi ɗaya, ni kaina sai na yi biyu. Ban taɓa koya masa ba. Ashe duk shekarun da yake zaune a matakala da littafinsa, yana cewa hayaƙi na damunsa, idonsa na kan hannuna.

Da ya durƙusa ba shi nake gani ba, Baba nake gani yana tauna tsirena. Kin ga ya cinye ya share hannu, amma ba ki ga fuskarsa ba, ni na gani. Ya daɗe yana taunar lomar ƙarshe kamar ba za ta wuce ba. Na ce masa shekara biyu zan yi. Ya rasu a shekara ta huɗu, labarin bai same ni ba sai a ta shida, a bakin wani alhaji da ya tsaya sayen tsire yana ba ni shi kamar labarin farashin gero. Na san abin da ke bayan cin naman nan. Ban san ina yaron zai tafi ba, amma na san in na buɗe baki na ci, shi ke nan.

Sai na ce bai gasu ba. Na ɗauka in na mayar wuta zai zauna, kamar yadda Baffa Sale ya zauna shekara uku da aka mayar masa. Na manta Baffa Sale yana da gona da mata da ƙasar da ba a tambayarsa takarda. Da ya fara magana da Larabci ma ina ji sarai, shekara hamsin ina ciniki da shi. Na toshe masa baki ne don kada ya faɗa. Wayar Isa kuma tsoro ne ya hana ni karɓa, ba ƙarfe ba.

Fallen nan ba wanda ya ci shi. Ina can ina gasa wa Balarabe, ya ƙone a gefen tozo ya zama gawayi, ma'aikacin ya zo ya kankare shi ya tafi da shi. Ina kallo ta wutsiyar ido. Marwan ma yana kallo.

Kwana goman nan na bi gidanmu kaf a kaina, tun daga Maiwuƙa, ina neman uban da ya mayar da nama bisa ƙarya, in ji yadda aka gyara. Ban samu ba, ni ne na fara. Ba ni da ƙafar zuwa Magariya, shi ba shi da ƙofar dawowa, kuma na san shekaruna. Abin da ya rage mini baki ne kawai, ga shi kuwa. Na sallame shi. Ya tafi Damagaram, ya tafi duk inda abincinsa yake, da yardata da ta uwarsa. Bai yi mini laifin komai ba, in ma akwai na yafe duniya da lahira. Ranar Layya ki ba shi wutar gidanki. Ki kira mahautan gidanmu su zauna su gani.

Amsar tambayarsa kuma, ki faɗa masa ita daidai yadda na faɗa, kada ki ƙara kada ki rage. Bai juya da wuri ba, wuta ba ta yi kaɗan ba. Naman ya gasu. Ni ne na kasa ci.

Ɗan'uwanki,
Maman